Makin da Ba Ya Mantuwa: Lissafin CGPA da Hukuncin Kari-oba a Jami'o'in Najeriya

Ranar da aka liƙa sakamako a allon sashe, ko aka sake shi a shafin jami'a, tambayar da ke yawo a bakin ɗalibai guda ce: "Ka tsallake?" Ma'ana, babu kari-oba, wato kwas ɗin da aka faɗi wanda sai an sake ɗauka? In aka ce babu, sai a yi hamdala, a nufi wurin mai shayi. Da wuya ka ga wanda ya tsaya a kan 'yar lambar nan da ke can ƙarshen layi, 2.41 ko 3.47, wato CGPA, matsakaicin makin ɗalibi tun shigarsa jami'a, alhali ita ce za ta bi mutum har ranar da zai miƙa takardunsa wurin neman aiki. A gida ma haka abin yake. Mahaifi zai tambaya, "To, an ci?" Yaro ya ce, "An ci, Baba." Magana ta ƙare. Shekara huɗu ana ta "an ci", sai ranar ƙarshe a ga digiri mai daraja ta uku, kowa ya riƙe baki.

Ba laifinsu ba ne gaba ɗaya. Tunanin da muka taso da shi tun daga sakandare shi ne jarrabawa abu biyu ce, ko ci ko faɗuwa. A WAEC da NECO kiredit biyar ake nema, har da Turanci da Lissafi. Wanda bai samu ba ya sake zama, in ya dace sai ya jefa tsohon sakamakon a ƙasan akwati, ko ya haɗa biyun ya nemi gurbin karatu da su, babu mai tambayarsa sau nawa ya faɗi. Jami'a ba ta irin wannan yafiya. Tsarin da jami'o'in Najeriya ke bi a ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, tsari ne mai riƙo. Duk abin da ka samu tun zangon farko, mai daɗi da marar daɗi, yana nan a rubuce, kuma da shi za a yi maka hisabi ranar fita.

Kowane kwas a kan maki 100 ake auna shi. Wani kaso daga ayyukan cikin zango yake fitowa, tes da aikin gida da furaktikal, a wasu jami'o'i 30 a wasu 40, ragowar kuma daga babbar jarrabawa. Sai a mai da jimillar zuwa harafi, kowane harafi da foyin ɗinsa. A ma'aunin da ya fi yaɗuwa, daga 70 zuwa sama A ce, foyin 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, foyin 4. Daga 50 zuwa 59 C, foyin 3. Daga 45 zuwa 49 D, foyin 2. Daga 40 zuwa 44 E, foyin 1. Abin da ya gaza 40 kuwa F ce, ba ta zuwa da komai.

Tun daga nan akwai abin lura. Mai 70 da mai 95 duk ɗaya suke a wurin wannan ma'auni, haka mai 60 da mai 69. Amma tsakanin 69 da 70, maki ɗaya tal, akwai foyin guda cur. Shi ya sa ɗalibin da ya raina tes na maki 10, ya ce ai zai rama a jarrabawa, yakan tsinci kansa a 58 ko 68, yana leƙen harafin sama ta kan katanga. Ni dai a ganina, darajar digiri ta fi zubewa a tes ɗin da aka yi wa riƙon sakainar kashi fiye da a zauren jarrabawa.

Sai kuma nauyi. Kwasa-kwasai ba ɗaya suke ba, kowanne da yunit ɗinsa, kuma yunit ɗaya kusan awa ɗaya ce ta lacca a kowane mako har zango ya ƙare. Ana ninka foyin ɗin harafi da yunit na kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit da ɗalibi ya yi wa rajista. Abin da ya fito shi ne GPA na wannan zango. Kalmar "rajista" ita ce ƙashin bayan maganar: da abin da ka ɗauka ake rabawa, ba da abin da ka ci ba.

Mu ɗauki wata ɗaliba 'yar aji ɗaya a tsangayar kimiyya, mu sa mata suna Hajara don misali. Ta samu 72 a Lissafi mai yunit 3, wato A, foyin 15. Kemistiri mai yunit 3 ta samu 61, B, foyin 12. Fiziks mai yunit 3 ta samu 48, D, foyin 6. Turanci mai yunit 2 ta samu 55, C, foyin 6. A furaktikal mai yunit 1 ta zuba 80, A, amma foyin 5 kacal ya kawo mata. Bayoloji mai yunit 3 kuma ta tsaya a 37. Jimillar foyin 44, jimillar yunit 15, GPA ɗinta 2.93. Da a ce Bayolojin nan 50 ta samu, da foyin ya zama 53, GPA ya haura zuwa 3.53. Maki 13 a kwas ɗaya ya raba ta da wani rukunin darajar digiri gaba ɗaya. Ita kuwa 80 ɗin da take ta murna da ita, ko rabin abin da B ɗin Kemistiri ta kawo ba ta kai ba. Wanda ya sayi tiya goma ta gero da tsada, ya sayi tiya ɗaya da araha, ai ba zai koma gida ya ce kasuwa ta yi sauƙi ba.

CGPA kuma shi ne wannan lissafin dai, amma a haɗe tun daga ranar da aka shiga jami'a. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, su ɗauki GPA na zango biyu su tara su raba biyu. Ba haka ake yi ba. A ce Hajara ta farka a zango na biyu, ta ɗauki yunit 21 ta samu foyin 84, wato 4.00 cif. In aka tara 2.93 da 4.00 aka raba biyu, 3.47 za a gani. Amma lissafin gaskiya shi ne foyin 128 a raba da yunit 36, abin da ya ba da 3.56, saboda zangon da ta fi ƙoƙari shi ne ya fi nauyi. Da akasin haka ne, da ƙasa abin zai ja ta.

Wannan ɗan bambanci ba ƙarami ba ne, domin a 3.50 aka shata ɗaya daga cikin manyan iyakoki. Daga 4.50 zuwa 5.00 daraja ta ɗaya ce, fas kilas. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu mataki na sama, wadda kowa ya sani da tu-wan. Daga 2.40 zuwa 3.49 tu-tu. Daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. A inda ake ba da digirin fas zalla, shi ne daga 1.00 zuwa 1.49. Kamfanoni da dama da masu ba da tallafin karatu a ƙasashen waje a tu-wan suke kafa shinge, digiri na biyu galibi yana karɓar tu-tu, mai daraja ta uku kuwa sai ya bi ta difloma ta bayan digiri kafin a saurare shi. Mai 3.49 da mai 2.40 takarda iri ɗaya za a miƙa musu, komai zafin da na farkon zai ji.

Abin da ɗalibi ya fi makara wajen ganewa shi ne CGPA yana ƙara taurin kai kowace shekara. Moɗa ɗaya ta ruwan zafi tana sauya ruwan kwano, amma zuba ta a randa ka ji ko ta yi wani abu. A shekarar farko kwano ne, a ta ƙarshe randa ce. Ɗauki digirin shekara huɗu da ake ɗaukar yunit 36 kowace shekara, 144 ke nan gaba ɗaya. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.50 yana da foyin 90. Ko da zai samu A a kowane kwas da ya rage, babu ko B ɗaya har ya fita, foyin 630 zai tara, wato 4.38. Fas kilas ta riga ta tafi tun bai gama sanin hanyar laburare ba. Tu-wan tana nan, amma sai ya riƙe kusan 3.83 a sauran shekara ukun, wato yawanci B da 'yan C kaɗan.

Na taɓa zama da wani ƙanen abokina da ya gama aji uku da 3.00 daidai. Ya zo da ƙarfinsa, ya ce bana ba wasa, ya daina kallon ƙwallo, tu-wan zai fita da ita. Muka juya bayan wata takarda muka yi lissafi. Yana da foyin 324 a yunit 108. Kafin ya taɓa 3.50 a yunit 144 sai ya tara 504, saura 180 ke nan a yunit 36. Ya raba da kansa, ya ga 5.00. A a kowane kwas, har da furojet, kuma duk da haka a bakin ƙofa zai tsaya. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Yaya, me ya sa ba wanda ya nuna mana wannan tun muna aji ɗaya?" Ban samu amsar da zan ba shi ba. A makon karɓar sababbin ɗalibai ana yi musu dogon jawabi a kan sutura da ƙungiyoyin asiri da satar amsa, wannan lissafin kuwa da minti goma zai ishe shi, sau da yawa a ɗan littafin ƙa'idoji ake barinsa, littafin da ba mai buɗewa.

Kuma shekarar da ta fi kowace tasiri ita ce wadda ɗalibi ya fi rauni a cikinta. Yaro ya fito daga ajin mutum hamsin ya faɗa zauren da ɗaruruwa ke cike, na baya ko muryar malami ba ya ji. Wani sunansa a jeri na biyu ko na uku ya fito, ya iso an yi nisa da lacca, yana fama da layin rajista da neman makwanci. Wani kuma Turancin laccar ne ma bai gama zama masa a kunne ba. A yawancin jami'o'in Ingila makin shekarar farko ba ya shiga lissafin darajar digiri, cin ta kawai ake buƙata, kuma ina ganin akwai hikima a ciki. A nan ma muna da waɗanda suka tsira daga wannan tarko ba tare da an shirya ba: masu shiga aji biyu kai tsaye da sakamakon IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko NCE ko difloma, domin lissafinsu daga aji biyu yake farawa, sun kuma riga sun ɗanɗana karatun gaba da sakandare.

To, ita kari-oba fa? Kwasa-kwasan jami'a akwai farilla akwai nafila. Na farilla su ne na dole, waɗanda ba a ba da digiri sai an ci su, kuma har da kwasa-kwasan bai-ɗaya irin su Turanci da kowa kan raina. Na nafila su ne na zaɓi. Wanda ya samu F a kwas na dole, babu makawa sai ya sake rajistarsa, ya sake tes, ya sake jarrabawa. Na zaɓi kuwa, jami'o'i da dama kan bari a musanya shi da wani, muddin yunit ya cika. Wannan sake ɗaukar kwas ita ce kari-oba. Ba maimaita aji ba ce: ɗalibi yana wucewa aji na gaba tare da abokansa, sai dai da bashi a wuyansa.

Mutane kan ɗauke ta kamar ramuwar azumi, in ka rama ranar da ka sha, shi ke nan nauyi ya sauka. Nauyin cin kwas ɗin kam ya sauka, amma a yawancin jami'o'in gwamnati F ɗin farko ba ta goguwa. Yunit ɗinta ya riga ya shiga abin da ake rabawa da shi, kuma idan ka sake rajista ya sake shiga. Hajara ta dawo baɗi ta samu B a Bayoloji, foyin 12. Amma yanzu kwas ɗin yunit 6 ya ci mata, ba 3 ba, don haka a zahiri foyin 2 ta samu a kowane yunit, daidai da D. Ko A ta samu, 2.5 ne, bai kai C ba. Wanda ya faɗi kwas ɗaya sau uku kuwa, ya haƙa ramin da sai ya yi da gaske zai cike.

Duk da haka, ina ganin mun ɗora wa kari-oba kunyar da ta fi ƙarfinta, mun kuma bar ɓarawon gaske yana wucewa. Kowa ya san ɗaliban da ke bin malami suna roƙo, "Malam, ko E ce a taimaka." Mu auna. Ɗalibi yana da foyin 210 a yunit 60, wato 3.50, sai ga wani kwas mai yunit 3 ya zo da matsala. In aka ba shi E, CGPA ɗinsa ya koma 3.38. In ya faɗi ya dawo ya samu A, 3.41. In B ya samu, 3.36. In C ce, 3.32. Ka ga tazarar ba wata mai yawa ba ce, har ma akwai inda faɗuwar ta fi taimakon. E kuma ba ta da gyara, domin a mafi yawan jami'o'i ba a sake kwas ɗin da aka riga aka ci don neman ƙarin maki. Ba ina cewa kowa ya je ya faɗi da gangan ba ne, Allah ya kiyaye. Abin da nake nufi, wanda bai taɓa samun kari-oba ba amma D ce abincinsa, a 2.00 zai ƙare, daraja ta uku, yana ta alfahari bai taɓa faɗuwa ba. Wanda ya yi tuntuɓe sau biyu a kwas masu yunit 3, amma sauran aikinsa B ne a tsaye, foyin 576 a yunit 150 zai tara, 3.84, tu-wan mai kyau. A unguwa na farkon ake yabo, na biyun kuma ake ɓoye labarinsa.

Ainihin cizon kari-oba a lokaci yake, ba a lamba ba. Kwas ɗin zangon farko a zangon farko kawai ake koyar da shi, saboda haka sai an jira shekara ta zagayo. Akwai kuma iyakar abin da ɗalibi zai ɗauka a zango, galibi daga yunit 15 zuwa 24, kuma ƙa'ida ita ce a fara rajistar bashi kafin sabon kaya. In bashin ya yi yawa, sai ya ture wasu kwasa-kwasan ajin da kake ciki zuwa baɗi, su ma su ture na gaba. Wani kwas ɗin kuma mabuɗin wani ne, ba za a bar ka ka ɗauki na sama ba sai ka ci na ƙasa, abin da ɗaliban injiniya da lissafi suka fi kowa sani. Ga karon jadawali: laccar kari-oba da ta ajinka a awa ɗaya, wani lokaci har jarrabawar ma. Ga kuma girman kai, wanda ya fi duka illa. Ɗan aji uku yana jin nauyin zama cikin 'yan aji ɗaya, sai ya ƙi zuwa lacca, ya ce ai ya san kwas ɗin, tes ya wuce shi, malamin ma ko an sauya bai sani ba. Haka kari-oba ɗaya ke haihuwar ta biyu.

Ba kowace F ce ke zuwa daga rashin sani ba, kuma wannan ya fi ciwo. Wanda ya yi rajistar kwas bai shiga jarrabawa ba, ba tare da uzurin da jami'a ta amince da shi ba, F za a rubuta masa. Wanda ya zauna jarrabawar kwas ɗin da bai yi wa rajista ba, ya yi aikin banza. Wanda ya daina zuwa wani kwas na zaɓi amma bai cire shi a lokacin da aka ware don ƙari da ragi ba, yana nan a wuyansa. Jami'o'i da yawa suna da dokar halartar kashi 75 cikin ɗari na lacca kafin a shiga jarrabawa, ko da yake ba kowane malami ke ɗabbaƙa ta ba sai ranar da ya ga dama. Rashin lafiya ma uzuri ne kawai in an kai rahoto a rubuce a kan lokaci, da shaidar asibitin jami'a, ta hannun kodinetan aji da shugaban sashe. Mace ta haihu a makon jarrabawa, ko mutum ya tafi jana'izar mahaifinsa, in ba a rubuta an nemi ɗage zangon ba, takarda ba ta san da wannan ba. Sai kuma sakamakon da kan ɓata tsakanin malami da jami'in jarrabawa. A nan takardar rajistar kwas da katin jarrabawa da sa hannun da aka yi a zaure su ne kaɗai shaidu, kuma wanda ya bari shekara ta juya kafin ya yi ƙorafi ya wahalar da kansa.

In abin ya yi ƙasa sosai, sai a shiga zaman gargaɗi, furobeshin. A ƙa'idar da aka daɗe ana bi, wanda CGPA ɗinsa ya gaza 1.00 a ƙarshen shekara shi ake sa wa wannan alama, wasu jami'o'in kuma a 1.50 suka ja layi. In shekara ta sake zagayowa bai fita ba, sai a sallame shi daga sashen, wani lokaci a ba shi damar neman wani sashen da zai karɓe shi, wani lokaci kuma gida. Akwai kuma wa'adi. Ba a barin ɗalibi ya wuce tsawon karatunsa da fiye da rabi, wato digirin shekara huɗu iyakarsa shida. Wa'adin nan ya cika da sauran kwas ɗaya na dole a wuyanka, komai kyan sauran makinka, babu digiri.

Duk lambobin nan da na kawo, kowa ya gwada su da littafin ƙa'idojin jami'arsa, har ma da na shekarar da ya shiga, domin an sha taɓa su. A zamanin da Farfesa Julius Okojie ke shugabantar NUC an yi yunƙurin kashe digirin fas zalla, jami'o'i da dama suka ɗaga makin ci zuwa 45, E ta ɓace a wurinsu. An kuma gwada ma'aunin da ke tsayawa a 4, kafin a 2018 hukumar ta ce a koma na 5. Jami'ar Ibadan ta shafe shekaru tana amfani da nata ma'auni mai kaiwa 7. Kwalejojin kimiyya da fasaha, waɗanda ke ƙarƙashin hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna, a kan 4 suke lissafi, inda daraja mafi girma ke farawa daga 3.50. Don haka in wani ya ce maka yana da 3.6, tambaye shi cikin nawa kafin ka taya shi murna ko jaje.

Karatun likita kuwa wata duniya ce. Da zarar an wuce shekarar farko, babu zancen jan bashi zuwa aji na gaba. Makin ci 50 ne, kuma manyan jarrabawoyi ake yi a matakai, ta farko a kan ilmin sassan jiki da yadda suke aiki da sinadaran cikinsu. Wanda ya faɗi wani ɓangare ana ba shi risit, wato ya sake zama bayan 'yan makonni ko watanni. In ya ci, ya bi abokansa. In ya sake faɗuwa, ya maimaita shekarar ɗungurungum, in kuma abin ya ƙi, a nuna masa wani sashen. Digirin ba shi da daraja ta ɗaya ko ta biyu, ko ka zama likita ko ba ka zama ba. Dalilin a fili yake: ba a son wanda bai san inda jijiya ta bi ba ya tsaya a kan majinyaci da alkawarin zai rama baɗi. Iyaye kan rikita kalmomin nan uku, kari-oba da risit da maimaita aji, alhali kowacce da hukuncinta.

'Yan'uwanmu na Nijar, a jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram, wani tsarin suke bi, wanda suka gada daga ɓangaren Faransa, mai hawa uku da ake kira LMD. A can a kan 20 ake ba da maki, 10 ita ce tsira, kowane zango kiredit 30 (abin da suke auna nauyin darasi da shi, kamar yunit a wurinmu), digirin farko kuma 180 a shekara uku. Abu biyu na tsarinsu sun bambanta da namu ƙwarai. Ana haɗa darussa a dunƙule, ta yadda maki mai kyau a wani kan rufa wa mai rauni asiri in matsakaicinsu ya kai 10. Sannan akwai zama na biyu a cikin shekarar, inda wanda bai kai ba yake sake gwadawa ba tare da jiran baɗi ba. Rufa asirin nan ban cika sonsa ba, don yana iya fitar da mutum bai san wani darasi ba sam. Zama na biyun kuwa, shi nake wa kwaɗayi.

Saboda ga inda tsarinmu ya fi ba ni haushi: ɗan ajin ƙarshe da ya faɗi kwas ɗaya. Shi ne sifil-oba, abin da muke ce wa tazarce a zamaninmu. Abokansa sun sa hannu a riguna, sun ɗauki hoto, sunayensu sun tafi hukumar yi wa ƙasa hidima. Shi kuwa zai dawo, ya sake biyan kuɗin rajista, a wannan zamani da jami'o'i suka ninka kuɗaɗensu, ya nemi wurin kwana, don kwas mai yunit 2. In na zango na biyu ne, sai ya yi zaman jiran wata da watanni kafin ma a fara koyar da shi. In kuma yajin aiki ya faɗo a tsakani, kamar na malaman jami'a a 2022 da ya ɗauki wata takwas, shekarar ta zama biyu. Wanda yake gab da shekara 30 yana iya rasa bautar ƙasar gaba ɗaya, a ba shi takardar yafewa.

Masu kare tsarin suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce in aka buɗe ƙofar risit ga kowa, ɗalibai za su daina ɗaukar zaman farko da muhimmanci, malamin da ke duba takardu ɗari bakwai zai ƙara wani nauyin, kuma duk inda aka ce ga jarrabawar ceto, masu neman na goro za su kafa rumfa a bakinta. Wasu jami'o'i, musamman masu zaman kansu, sun ɓullo da gajeren zango a lokacin dogon hutu don biyan irin wannan bashi, ana kuma ƙorafin cewa mai kuɗi ne kaɗai ke cin moriyarsa. Na yarda da duk wannan a kan 'yan aji ɗaya zuwa uku, waɗanda ko ba komai baɗi suna nan a makaranta. Amma ga wanda ya gama komai, saura kwas ɗaya ko biyu, ban ga abin da za a rasa ba in aka ba shi zama guda cikin wata biyu ko uku, a bar F ɗinsa ta farko a lissafi kamar yadda aka saba, a kuma ce duk abin da ya samu kada ya wuce C. In tsangayar da ke yaye likitoci ta iya shirya risit ba tare da ta zubar da mutuncin jarrabawarta ba, sashen Tarihi ko na Kimiyyar Siyasa ma zai iya.